Darasin Tarihi: Kenet Kaunda, malamin makarantar da ya zama shugaban Zambiya

1. Ina Zambiya take?

Ku ɗauko taswirar Afirka. Ku aza yatsa bisa Nijar, ku gangara kudu, ku ƙetare babbar ƙasar Kwango mai dazuzzuka. Ƙasar da za ku tarar a kudu maso gabas da ita, ita ce Zambiya. Babban birninta Lusaka. Ta samo sunanta daga kogin Zambezi.

Ku duba iyakokinta da kyau. Ƙasashe takwas ne suka kewaye ta: Kwango, Tanzaniya, Malawi, Mozambik, Zimbabuwe, Botsuwana, Namibiya da Angola. Ba ta taɓa teku ba ta kowane gefe. Ta nan ta yi kama da ƙasarmu. Duk abin da za ta sayar a waje, da duk abin da za ta sayo, sai ya ratsa ƙasar wani. Ku riƙe wannan, domin za mu sake komowa kansa.

Arzikin Zambiya yana ƙarƙashin ƙasa, shi ne jan ƙarfe, wanda ake yin wayar lantarki da shi. Abincin mutanenta tuwon masara. A zamanin mulkin mallaka ƙasar tana hannun Ingila, ana kiranta Rodeziya ta Arewa.

A wannan darasi za mu ga yadda wani malamin makaranta ya jagoranci mutanen wannan ƙasa har suka sami ƴancin kai, da yadda ya riƙe mulki, da kuma yadda ya sake shi.

2. Ƙuruciyarsa

An haifi Kenet Kaunda ranar 28 ga Afrilu 1924 a Lubwa, kusa da garin Cinsali, a arewacin ƙasar. Iyayensa mutanen Malawi ne, wadda a lokacin ake kira Niyasalan. Mahaifinsa, Dauda Kaunda, malamin makaranta ne kuma mai wa'azin addinin Kirista. Mahaifiyarsa ma malama ce. Su takwas aka haifa, Kenet shi ne auta.

Yana da shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Bai bar karatu ba. Ya gama makarantar Lubwa, aka aika shi makarantar Munali a Lusaka daga 1941 zuwa 1943. Da ya komo gida sai ya kama aikin koyarwa a makarantar da ya yi karatu. Daga baya ya koyar a Mufulira, ɗaya daga cikin garuruwan da ake haƙar jan ƙarfe.

Ba shi kaɗai ba ne malamin da ya zama shugaba a Afirka. Juliyas Nyerere na Tanzaniya malami ne. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, shi ma malami ne. A wancan zamani masu karatun boko kaɗan ne, kuma malami yana zaune cikin talakawa, yana jin kukansu.

3. Abin da ya sa ya shiga siyasa

A garuruwan ma'adinai Kaunda ya ga wariya da idonsa. Bature da baƙin mutum suna aiki a rami ɗaya, amma albashin Bature ya ninka na baƙin sau da yawa. Unguwanni daban, makarantu daban. A kantunan nama na Turawa ba a barin baƙar fata ya shiga ta ƙofa. Akwai wata ƴar taga a gefe, nan yake tsayawa, a miƙo masa abin da aka ga dama. Kaunda ya yi alkawarin daina cin nama saboda wannan wulaƙanci. Bai kuwa koma cinsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shiga jam'iyyar ANC, wadda Hari Nkumbula ya zama shugabanta a 1951. Aikinsa na farko shi ne kafa rassan jam'iyya a ƙauyukan arewa. Ba shi da mota. Bisa keke yake yawo, da gitarsa a rataye, yana tara mutane da waƙa, sa'an nan ya yi musu bayani. A cikin littafin da ya rubuta a 1962 game da rayuwarsa, ya ba da labarin ranar da ya yi kiciɓis da zaki a kan hanya. Ya ce ya ɗaga kekensa sama bisa kansa, zakin ya dube shi, ya juya ya shiga daji.

A 1953 Ingila ta haɗa ƙasashe uku, Rodeziya ta Arewa da Rodeziya ta Kudu da Niyasalan, ta mai da su tarayya ɗaya. Baƙar fata ba su yarda ba. Sun gane cewa Turawan da suka zauna a Rodeziya ta Kudu su ne za su riƙe mulki, kuma kuɗin jan ƙarfe can za su riƙa tafiya. A wannan shekara ce Kaunda ya koma Lusaka, ya zama babban magatakardan jam'iyya. A 1955 aka ɗaure shi wata biyu tare da Nkumbula, wai an same su da littattafan da hukuma ta hana.

4. Kaso da gwagwarmaya

Turawa sun kawo wani tsarin zaɓe. A cikinsa, sai mai dukiya ko mai ilimin boko kaɗai yake da ƙuri'a. Yawancin ƴan ƙasa ba su da ko ɗaya. Nkumbula yana ganin a karɓi ɗan abin da aka samu. Kaunda ya ce a'a, abin da ake nema shi ne mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Nan suka rabu. A watan Oktoba 1958 Kaunda da abokinsa na ƙuruciya, Saimon Kapwepwe, suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna ZANC.

Jam'iyyar ba ta daɗe ba. A watan Maris 1959 gwamna ya haramta ta. Aka tsare Kaunda a wani gari mai nisa, Kabompo, daga baya aka yanke masa wata tara a kaso. Yana ɗaure abokansa suka kafa wata jam'iyyar, UNIP. Da aka sake shi a watan Janairu 1960 sai suka ba shi shugabancinta.

Kaunda ya karanta koyarwar Gandi na Indiya, wanda ya yaƙi mulkin Ingila ba da makami ba. Kullum yana gaya wa magoya bayansa kada su zub da jini. Amma riƙe mutanen da suka fusata ba abu ne mai sauƙi ba. A 1961 aka yi bore a lardunan arewa. Aka tare hanyoyi da itatuwa, aka ƙona gadoji da gine-gine. Mutane sun mutu, an kama dubbai. Daga nan Ingila ta gane cewa tarayyar ba za ta ɗore ba.

Aka yi zaɓe a 1962. UNIP da ANC suka haɗa kai suka kafa gwamnati, Kaunda ya zama minista. Tarayyar ta rushe a ƙarshen 1963. A watan Janairu 1964 aka sake zaɓe, wannan karo kowane baligi ya sami ƙuri'a. UNIP ta ci kujeru 55 cikin 75, Kaunda ya zama firaminista.

Wani abin baƙin ciki ya faru ana dab da samun ƴanci. A yankin Cinsali rikici ya tashi tsakanin hukuma da mabiya wani coci mai suna Lumpa, wanda wata mata, Alis Lenshina, take jagoranta. Aka tura soja, ɗaruruwan mutane suka mutu. Aka kafa dokar ta-ɓaci, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Wannan doka ba a ɗage ta ba sai a 1991.

Ranar 24 ga Oktoba 1964 aka sauke tutar Ingila. Ƙasar ta ɗauki sunan Zambiya, Kaunda ya zama shugabanta na farko.

5. Gina ƙasa

Wane irin gado ya tarar? Mutane wajen miliyan uku da rabi, amma waɗanda suka gama jami'a ba su wuce kimanin ɗari ba. Ƙasa mai arzikin jan ƙarfe, amma babu isassun likitoci, babu injiniyoyi, babu malamai.

Tsohon malami ya fara da abin da ya sani. Aka gina makarantun firamare a ƙauyuka, aka buɗe sakandare a gundumomi, aka mai da karatu kyauta. A 1966 aka buɗe Jami'ar Zambiya a Lusaka. Aka gina asibitoci da ɗakunan magani.

Akwai ƙabilu fiye da 70 a Zambiya, kamar su Bemba, Tonga, Lozi da Ngoni. Kaunda yana tsoron kada ƙabilanci ya raba su. Taken ƙasar shi ne: Zambiya ɗaya, al'umma ɗaya. Yakan ɗauki ma'aikaci daga kudu ya kai shi arewa, ya ɗauki na gabas ya kai shi yamma. Yakan raba kujerun ministoci tsakanin larduna. Maƙwabta da yawa sun sha yaƙin basasa, Zambiya kuwa ba ta taɓa yinsa ba.

Ma'adinai da manyan kamfanoni suna hannun baƙi. A 1968 gwamnati ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na kamfanoni da dama. A 1969 ta sanar da cewa za ta yi haka ga kamfanonin jan ƙarfe.

6. Gobara a gidan maƙwabci

Lokacin da Zambiya ta sami ƴanci, maƙwabtanta da dama suna cikin ƙangi. Angola da Mozambik suna hannun Fotugal. Namibiya tana hannun gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A Rodeziya ta Kudu kuwa, ranar 11 ga Nuwamba 1965, shugaban Turawan can, Iyan Simit, ya ɓalle daga Ingila don kada baƙar fata su sami mulki.

Yanzu ku tuna da abin da muka gani a taswira. Hanyar jirgin ƙasa da Zambiya take fitar da jan ƙarfenta ta cikin Rodeziya ta bi. Man fetur ta nan yake shigowa, gawayin masana'antu ma daga can ake sayo shi. Wato wuyan Zambiya yana hannun Simit. Shugaba mai neman kwanciyar hankalinsa kaɗai da sai ya yi shiru.

Kaunda bai yi shiru ba. Ya buɗe ƙofa ga masu fafutukar ƴanci na Zimbabuwe, Namibiya, Angola, Mozambik da Afirka ta Kudu. Jam'iyyar su Nelson Mandela ta kafa babban ofishinta a Lusaka, shugabanta Oliba Tambo ya yi shekaru da yawa a can.

Sai ya nemi wata hanyar zuwa teku ta wajen abokinsa Nyerere. A 1968 aka gama shimfiɗa bututun mai daga Darussalam zuwa Ndola. Ƙasashen Yamma sun ƙi ba da kuɗin gina hanyar jirgin ƙasa, sai ƙasar Sin ta karɓi aikin. Daga 1970 zuwa 1975 aka shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 1860, daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi. Ana kiransa Tazara.

Zambiya ta ji jiki. A 1973 Simit ya rufe iyaka. A 1978 da 1979 jiragen yaƙin Rodeziya sun yi ruwan bama-bamai a sansanonin da ke kusa da Lusaka, sojojinta kuma sun karya gadoji. Duk da haka Kaunda bai kori baƙinsa ba. Bai kuma ƙi magana da abokan gaba ba. A 1975 ya zauna da firaministan Afirka ta Kudu a cikin taragon jirgin ƙasa, bisa gadar kogin Zambezi, don neman sulhu. Sau biyu ya shugabanci Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OUA, a 1970 da 1987.

Mozambik da Angola sun sami ƴanci a 1975, Zimbabuwe a 1980, Namibiya a 1990. Da aka saki Mandela a watan Fabrairu 1990, ƙasar da ya fara ziyarta ita ce Zambiya.

7. Jam'iyya ɗaya

Yanzu mu duba ɗaya gefen. Tarihi ba kirari ba ne. Dole mu faɗi mai daɗi da marar daɗi.

A 1971 Saimon Kapwepwe, wanda ya taɓa zama mataimakin shugaban ƙasa, ya fita daga UNIP ya kafa tasa jam'iyyar. A farkon 1972 Kaunda ya haramta ta, ya sa aka tsare abokin nasa na ƙuruciya da mabiyansa masu yawa. A watan Disamba na wannan shekara aka yi doka cewa UNIP kaɗai ce jam'iyya a Zambiya.

Mene ne dalilinsa? Ya ce jam'iyyu da yawa za su raba ƙasa ƙabila-ƙabila, alhali abokan gaba suna bakin iyaka. Shugabannin Afirka da yawa sun faɗi irin wannan magana a lokacin. Amma ku duba abin da ya biyo baya. A zaɓukan 1973, 1978, 1983 da 1988 Kaunda shi kaɗai ne ɗan takarar shugabanci. Mai zaɓe ba shi da abin cewa sai "i" ko "a'a". Manyan jaridu da gidan rediyo suna hannun gwamnati. Wanda ya soki mulki yana iya kwana a kaso.

Shugaban da babu mai ce masa ya yi kuskure, ba ya saurin ganin ramin da ke gabansa.

8. Jan ƙarfe ya faɗi

Ku ɗauki manomin da ya shuka gyaɗa kaɗai a duk gonarsa, bai shuka hatsi ba, bai shuka wake ba. Shekarar da gyaɗa ta yi daraja zai yi murna. Shekarar da ta faɗi fa? Haka Zambiya ta kasance. Cikin kowace dala goma da take samu daga waje, tara daga jan ƙarfe suke fitowa.

A 1973 kuɗin man fetur ya tashi a duniya. A 1975 kuɗin jan ƙarfe ya faɗi ƙasa warwas. Abin da Zambiya take saye ya yi tsada, abin da take sayarwa ya yi arha. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana irin wannan lokacin da kuɗin uraniyom na Arlit ya faɗi a farkon shekarun 1980.

Gwamnatin Kaunda ta yi tsammanin farashin zai sake tashi, sai ta shiga cin bashi. Kamfanonin gwamnati suka riƙa yin hasara. Kantuna suka bushe, mutane suna bin dogon layi don sayen sabulu da man girki. A asibiti babu magani, a makaranta babu littattafai. Masu ba da bashi, wato asusun FMI, suka ce sai gwamnati ta daina biyan tallafin da ke rage kuɗin garin masara.

A watan Disamba 1986 kuɗin gari ya tashi, aka yi tarzoma a garuruwan ma'adinai, mutane suka mutu. A watan Yuni 1990 aka sake yin wata a Lusaka, wadda ta fi ta farko muni. A ƙarshen watan wani ƙaramin hafsan soja ya shiga gidan rediyo ya ce an yi juyin mulki. Juyin bai yi nasara ba, amma kafin a gane haka mutane sun fito tituna suna murna. Wannan ya nuna wa Kaunda abin da ke zukatan jama'a.

9. Ranar da ya sauka

Ƴan ƙwadago, ɗalibai, malaman coci da ƴan kasuwa suka haɗu suka kafa ƙungiya mai suna MMD, suna neman a ba kowa damar kafa jam'iyya. Kaunda yana da soja, yana da ƴan sanda, yana da dokar ta-ɓaci. Bai sa a murƙushe su ba. A watan Disamba 1990 ya sa hannu a kan dokar da ta halatta jam'iyyu, ya kuma yarda a yi zaɓe tun wa'adinsa bai cika ba.

Aka yi zaɓe ranar 31 ga Oktoba 1991. A lokacin nan a Yamai ana dab da rufe babban taron ƙasa, wanda shi ma ya share hanyar zaɓen jam'iyyu da yawa a Nijar. A Zambiya, shugaban ƴan ƙwadago Firederik Ciluba ya sami wajen kashi 76 cikin ɗari na ƙuri'u, Kaunda ya sami wajen kashi 24. MMD ta ci kujeru 125 cikin 150.

Kaunda ya yi wa ƴan ƙasa jawabi, ya amince an kayar da shi. Ranar 2 ga Nuwamba 1991 ya miƙa mulki ya fita daga fada. A wancan lokaci shugabannin Afirka kaɗan ne ƙwarai suka taɓa yin haka.

10. Bayan mulki

Sabuwar gwamnati ba ta raga masa ba. A 1996 aka yi doka cewa wanda ba a haifi iyayensa a Zambiya ba, ba zai tsaya takarar shugabanci ba. Kowa ya san don wa aka yi ta. Ranar 25 ga Disamba 1997 aka kama shi, ana zarginsa da hannu a wani yunƙurin juyin mulki. A 1998 aka janye tuhumar. Shi da ya tsare abokan hamayya, shi ma ya ɗanɗana tsarewa.

Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga yaƙi da cutar SIDA. Tun a 1987, lokacin da mutane suke ɓoye wannan cuta don kunya, ya fito fili ya ce ita ce ta kashe ɗansa. Maganarsa ta ƙarfafa wa iyaye da yawa zuciya.

Mutane suna tuna shi da farin hankici da kullum yake riƙe a hannu, da irin kwat ɗin da yake sawa, wadda har yau a ƙasashe da dama ake kiranta da sunansa. Ya rasu a Lusaka ranar 17 ga Yuni 2021.

Abin da za mu riƙe

Kaunda ya jagoranci ƙasarsa zuwa ƴanci, ya gina makarantu, ya haɗa kan ƙabilu, ya taimaki maƙwabta har ƙasarsa ta wahala dominsu. Amma ya hana wasu jam'iyyu, ya tsare masu sukarsa, ya daɗe a kan mulki har tattalin arziki ya lalace a hannunsa. Da jama'a suka ce ya isa, ya ji, ya sauka ba tare da an zub da jini ba. Mulki amana ce ta jama'a. Wanda aka ba ajiya, ranar da mai ita ya nema, sai ya mayar.

Ma'anar kalmomi

Tarayya: haɗuwar ƙasashe ko jihohi ƙarƙashin babbar gwamnati ɗaya.
Wariyar launin fata: bambanta mutane saboda launin jikinsu.
Dokar ta-ɓaci: dokar da ke ba gwamnati ƙarin iko a lokacin tashin hankali.
Tallafi: kuɗin da gwamnati take biya don kaya su yi wa talaka sauƙi.
Hamayya: waɗanda ba su tare da gwamnati, suna neman mulki ta hanyar zaɓe.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya Zambiya ta yi kama da Nijar? Ku kawo abu biyu.
2. Me ya sa Kaunda ya daina cin nama?
3. Me ya raba shi da Hari Nkumbula a 1958?
4. Don me aka gina dogon Tazara, kuma wace ƙasa ce ta gina shi?
5. Wane dalili Kaunda ya bayar na kafa jam'iyya ɗaya? Kun yarda da shi? Ku faɗi hujjarku.
6. Me ya faru ranar 2 ga Nuwamba 1991?

Lissafi

1. Shekarun Kaunda nawa lokacin da ya zama shugaban ƙasa? Shekara nawa ya yi yana mulki? Yana da shekara nawa ya rasu?
2. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne. Tsawon dogon Tazara ya ninka wannan wajen sau nawa?

Aiki

Ku zana taswirar Zambiya a cikin littafinku. Ku rubuta sunayen maƙwabtanta takwas, ku ja layin dogo daga Kapiri Mposhi zuwa Darussalam. Sa'an nan ku rabu gida biyu a cikin aji. Gida na farko ya kawo ayyukan alherin Kaunda, gida na biyu ya kawo kura-kuransa. Kowane gida ya saurari ɗan'uwansa har ya gama, kafin ya ba da amsa.